Rasuwar Dattijuwa, Wayar Gwajin Auta

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin cikin da ya ƙi ɓoyuwa, Auta mai haɗa manhajar waya, tare da ma'aikatan ofishinsu na hawa na biyu, na sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wayar gwajinta, wadda aka fi sani da Dattijuwa. Ta cika ranar Litinin da hantsi tana da shekara tara a duniya, wanda a wajen wayoyi tsufa ne tukuf.

Marigayiyar ba a ofis ta tashi ba. Wayar mahaifin Auta ce, tsohon tela, wanda hannunsa ya kama rawa a ƙarshen rayuwarsa har zare ya daina shigar masa allura. Shi da kansa ya zauna ya yi mata saiti daidai jikinsa. Ya ƙara girman rubutu, ya tsawaita lokacin da za ta jira kafin ta yarda an taɓa ta, don kada rawar yatsa ta zama dannawa. Da ya rasu, yayyen Auta suka ɗauki keken ɗinki da almakasai, ita kuwa wayar ta ɗauka, ba ta kuma taɓa saitin nan ba ko sau ɗaya.

Aikin da ke hannun Auta manhajar wani kantin magani ce, inda mai ciwo zai zaɓi maganinsa cikin jerin sunaye dubu huɗu. Manhaja ɗaya ce, amma dole ta zauna a wayoyi iri biyu kamar a can aka haife ta. Masu wannan iri sun saba jeri ya taso daga ƙasa su murza shi kamar taya, masu wancan kuwa sun saba da shafi guda mai akwatin bincike a sama. In ka ba wani na wani, sai ya ji kamar ya shiga ɗakinsa ya tarar an juya masa gado. Sababbin wayoyin ofis fadanci kawai suka iya, duk abin da aka loda musu sai su ce ya yi. Dattijuwa ce kaɗai ba ta da kara. In layuka sun matsu, kana nufin na sama za ta zaɓo maka na ƙasa. In jerin ya yi nauyi, sai ta tsaya cak, ta yi "ɗirrr", ta rufe manhajar. Sau uku mai zana fuskar manhajar yana sake aikin mako guda saboda ita, yana ƙunƙuni, "Wallahi Auta, wayar nan taki ta tsane ni." Albarkacinta kowane layi ya samu faɗin da tsoho zai taɓa bai zame ba.

Ajali ya zo mata ta hannun wadda ta fi kowa ƙaunarta. Ranar Juma'a da yamma, Auta ta cire dabarar da ke sa sunaye su riƙa zuwa kaɗan-kaɗan yayin da ake jan jeri, don ta ga iyakar ƙarfin waya. Ta sa kwamfuta ta yi ta jan jerin sama da ƙasa, da niyyar minti goma. Sai aka kira ta taro, daga taro ta wuce gida. Kwana uku baiwar Allah tana jone da caja, sunaye dubu huɗu a kanta, tana hawa tana sauka, ba mai ce mata sannu. Litinin aka tarar batir ya kumbura har ya ɗaga gilashi. Ta yi "ƙit" sau ɗaya a tafin Auta, shi ke nan.

Mai gyaran waya na ƙasan bene ya buɗe ta, ya shinshina, ya mayar da murfi. "Sai haƙuri, ƙanwata, cikin ya ƙone."

"Ni ba hotuna nake so ba," in ji Auta, "saitin kawai za ka ciro min."

"Ai saitin tare suka tafi."

A nan hawaye suka zubo mata. Ita da ke rubuta komai, har launin maɓalli, ba ta taɓa rubuta lambobin saitin nan ba, don ko shafinsu tsoron buɗewa take yi kada ta gusar da wani abu. Awon hannun Baba na ƙarshe ke nan, kuma da shi take auna hannun duk tsohon da zai nemi maganinsa a jerin.

Marigayiyar ta bar caja ɗaya ɗaure da salatif, da rigar roba da ta koɗe, da ƙanne shida a kan tebur, babu mai halinta a cikinsu.

Za a kai ta makwancinta ranar Laraba da ƙarfe goma, a durowar ƙasa ta teburin Auta, batir kuma a miƙa shi inda ake tara irinsa. Zaman makoki a ɗakin taro. Ba a ɗaga ranar sakin manhajar ba, saura kwana tara, don haka Auta na roƙon duk mai zuwa ta'aziyya da ke da tsoho ko tsohuwa mai rawar hannu a gida, don Allah ya taho da su. Akwai kujera, akwai sabuwar waya da za a saita daidai hannunsu, ba kuma za a gaggauta kowa ba. Ta yi alkawarin za ta rubuta komai wannan karon, in har idonta ya bar ta ta kalli hannun.