Hawan Giwa Sai da Benci

Ranar nan da ruwa aka wayi gari, irin wanda ba iska ba tsawa, zuba kawai yake yi kamar an manta da shi a buɗe. Sai da hantsi ya ɗauke, ya bar layin gidan Tsohon Direba taɓo har idon sawu. Irin wannan ranar masu jif suke jira duk shekara. Da an yi ruwan farko mai ƙarfi, shi da abokansa masu son manyan motocin nan masu ja da ƙafa huɗu sukan haɗu a filin bayan rafi, su bi hanyar laka ɗaya bayan ɗaya, wanda ya kafe a ɗaura masa igiya a jawo shi ana dariya. Tun da aka fara kuwa, Giwa ce ke shiga gaba.

Giwa tsohuwar jif ce, koriya, fentinta ya ƙoƙe, ga ta da tsayi, sai mutum ya ɗaga ƙafa sosai kafin ya kai ga kujera. Nan matsalar take. Tun da gwiwar hagu ta ƙi Tsohon Direba, hawan ya gagare shi, bai kuma gaya wa kowa ba. Kullum da safe sai ya zura hannu ta taga ya murɗa makulli, injin ya ɗauka, don mutanen gida su ji ƙara su ɗauka lafiya. Amma babban ɗansa ya riga ya faɗa: motar da ba ta fita tare rumfa kawai take yi, in daminar bana ta zo ba ta taka titi ba, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe zai kira su kwashe ta.

Yana tsaye yana goge madubin da ba shi da datti, sai ga jikarsa ta yi fakin da 'yar ƙaramar motar da take koya wa mutane tuƙi da ita. Guntuwa yake ce mata, don tsayi bai ba ta haƙƙinta ba.

"...lafiya lau muka kwana, sai yanzu da na gan ki," in ji shi. "Da wannan gwangwanin madarar kika ratso ruwan? Ko ɗauko ta kika yi a ka?"

"Ina kwana dai, angona. Ka ga miji, matarsa ta ratso ruwa ta zo gaishe shi, ko sannu babu. Ina kuɗin cefane?"

"Na sake ki tun bara. Takardar ce ban ba ki ba, don na ɗora ta kan tebur hannunki bai kai ba."

"Ai ko ka sake ni ba mai ɗaukarka. Haƙora uku, biyu suna hutu." Ta zaga Giwa tana ƙwanƙwasa bodinta. "Wannan gawar har yanzu ba a yi mata sutura ba?"

"Kul! Duk lalacewar giwa ta fi kwando goma. Wannan motar ta haye rafin da ko kada sai ya yi shawara. Ta taɓa jawo babbar mota da kayanta daga rami, direban yana barci bai ma farka ba."

"Bara ka ce yana cin abinci."

"Ya ci, sannan ya yi barci. Ramin da zurfi."

Ta ciro waya ta kai masa har hanci. "Dubi jif ta gaske, tsoho. Baƙa wuluk, kujerar fata, sanyi ta ko'ina. In ka zo taɓo, maɓalli ɗaya za ka danna, ƙafa huɗun su kama. Ba irin taka ba, sai an sauka cikin laka an durƙusa gaban tayar gaba ana murɗa mata makulli, kamar mai gaida suruki."

"Kyan ɗan maciji! Motar da ake danna wa maɓalli ai rediyo ce da tayoyi. Waya ɗaya ta jiƙe, sai ta tsaya tana kuka da fitilu kamar amaryar da aka taka wa zane. Masu irinta nawa na jawo? Suna zaune ciki cikin sanyi, suna ɗaga mini hannu ta gilashi kamar marasa lafiya."

"Kishi ne. Ita tana ganin bayanta da kanta."

"Ni wuya gare ni. Da tsohuwar zuma ake magani, yarinya."

"To ga rana ta zo, mai zuma. Abokanka tun ɗazu suka wuce, na gan su a mahaɗa, har mai farar jif ɗin nan yana tambaya ko Giwa ta rasu ne ba a sanar ba. Hau mu tafi."

Tsohon Direba ya juya mata baya. Ya mai da ido kan madubi ya ci gaba da gugarsa.

"Batir ya yi sanyi."

"Daga bakin layi na jiyo ƙararta."

"To taya ce."

Ta sa ƙafa ta daki tayar, ta yi tsalle da baya tana riƙe da yatsa. "Wannan ta fi kanka tauri."

"Akwai wani sauti da nake ji a injin. Ke ba za ki gane ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Ni dai ko ba komai ina iya hawa rimin."

Ya yi kamar bai ji ba. Kafin ya tare ta, ta kama ƙofar direba ta buɗe. Sai ta tsaya. A kan kujerar, daidai inda zamansa ya yi rami tun shekaru, mage ce kwance ta miƙe ƙafa, 'ya'yanta suna tsotso. Magen ta ɗago kai ta dube su kamar masu bin bashi, ta mai da kai.

"Ikon Allah! Angona, ka sa 'yan haya ne ba ka gaya mini ba?"

"Jiya ta shiga. Ruwa ta gudo."

"Jiya? 'Ya'yan da idonsu ya buɗe, har wancan yana wasa da sandar giya? Wannan in ka ƙara mata mako ɗaya lasin za ta nema." Ta rage murya. "Kaka, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wacce ce, ta hagu?"

Rabon da ta kira shi Kaka har ya manta. Ya dubi magen, ya dubi ƙasa. Ya so ya ce ƙarya ne, amma ga shaidu kwance suna tsotso.

"Ta hagu," ya ce a hankali. "Ta kulocin. Ko na hau ma, ba ta iya takawa."

Daidai nan muryar ɗansa ta fito daga cikin gida. "Baba! Na ji abokanka sun wuce. Yau dai za a fita da motar nan, ko in kira mutanen?"

Tsoho ya dubi jikarsa. Guntuwa ce ta ɗaga murya.

"Yanzu za mu fita, Abba! Mijina ya ce ya gaji da tuƙa mutane, yau zama zai yi kamar mai kuɗi, amaryarsa ta ja shi."

"To Allah ya kiyaye hanya," in ji uban, suka ji ya rufe ƙofa.

Tsohon Direba ya zaro ido. "Yaushe na ce haka? Ke, Giwa? Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Sitiyarin nan ba a taɓa ba wa kowa shi ba. Ubanki ma da gemunsa, wanki kawai na yarda ya yi mata."

"Wa ya ɗora ni a cinya ina ƙarama, ya ce riƙe nan, kar ki gaya wa uwarki?"

"Ban san shi ba. Wani mahaukaci ne."

"To mahaukacin ya iya koyarwa, da abin da ya koya mini nake ci yau. Zaɓi ɗaya: ko ni, ko 'yan gwangwan da guduma. Su ba sa tambayar ta taɓa jawo babbar mota. Sikeli kawai suka sani."

Ya ji maganar har cikin gwiwar. Ya tuna yadda ya taɓa ganin suna farfasa wata mota a bakin titi, ƙofa nan, injin can.

"Ko na yarda, ta ina zan hau? Ɗaukata za ki yi?"

"Allah ya sawwaƙe, bayana na aure ne."

Ta je ta buɗe bayan motarta ta dawo da wani ɗan benci sabo fil mai hawa biyu, har da roba a ƙafafunsa don kar ya zame. Ta dire shi a ƙofar mai zaman banza, ta gefen direba.

Ya daɗe yana kallon bencin. "Ashe da shirinki kika zo, munafuka. Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da na ga kana zagin motar maƙwabci daga ƙasa. Da can daga sama kake zagi. Na ce wa kafinta na wani tsohon miji ne da nake lallaɓawa saboda gado."

"Gadon me? Mage da 'ya'yanta?"

Suka kwashe magen da iyalinta cikin kwali suka ajiye gefen rumfa, tana ta ƙorafi. Ya taka hawa na farko, ya taka na biyu, ya kama ƙarfen da ke saman ƙofa, sai ga shi zaune. Warin dizal da tsohuwar kujera ya buge shi. Ya ga saman katanga, ya ga layin har ƙarshensa, yadda ya saba ganin duniya. Ya yi tari don kar a ga idonsa.

Guntuwa ta jefa bencin a baya, ta zagaya ta yi tsalle ta ɗare kujerar direba, ta kama sitiyari da hannu biyu tana hura hanci. Ta miƙa ƙafa za ta taka kuloci. Ta ƙara miƙawa. Ta zame gaba har haɓarta ta kusa taɓa hon. Yatsanta ne kawai ke shafar ƙarfen.

"Ja kujerar gaba," ta ce.

"Kujerar Giwa ba ta motsi. Tun kafin a haife ki na sa aka yi mata walda."

Sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta har da dukan cinya, har hawayen da yake ɓoyewa suka samu hanyar fita.

"Wayyo Allah! Mai koyar da tuƙi! In kira kafinta ya ƙara miki ƙafa? Ko magen za mu dawo da ita ta taka miki?"

"Yi dariyarka. Kai ba ka iya hawa, ni ba na iya kaiwa. In aka haɗa mu ne ake samun direba ɗaya."

"Direba ɗaya da rabin mage."

Ya juya ya jawo tsohon matashin da yake jingina da shi tun zamanin doguwar tafiya, wanda ko wankewa ba ya bari a yi, ya cusa mata a baya. Ƙafarta ta kai. Sannan ya zare makullin daga igiyar da ke wuyansa, ya riƙe shi ɗan lokaci, ya sa mata a tafin hannu.

"Ungo. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na mai da ke ɗakinki, wannan ne sadakin."

"Makulli ɗaya da matashi mai wari? Na karɓa, don ba ni da wani manemin mai jif."

"In mun kai taɓo ke za ki sauka ki gaida surukin."

"Na sani. Riƙe haƙoranka, tsoho, kar na ukun ya faɗi."

Giwa tana nan a rumfarta har yanzu, laka har ƙofa, don ya hana a wanke. A filin bayan rafi ita ke shiga gaba, Guntuwa a sitiyari, shi a gefe yana ba da umarnin da ba a bi. Bencin yana ɗaure a baya kusa da igiyar ja, makullin yana wurin Guntuwa, magen kuma ta koma kujerar baya.