Yadda Ake Kamun Kifi Ba Tare da An Dami Kifin Ba

Kai da ka cika wa matarka baki cewa kakanka masunci ne, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba za ka koma gida hannu rabbana ba. Maƙwabcina Lauwali ya gwada su ranar da matarsa Khairiyya, mai juna biyu, ta ce ba abin da ranta ke so sai ɗanyen kifin dam ɗin Kazaure.

1. Sa farar shadda
An ce kifi na tsoron duk abin da ke walƙiya a bakin ruwa. To, ya ji tsoron mana! Gara ya san babban mutum ne ya iso.

2. Kada ka yi sammako
Masunta na fita tun haske bai yi ƙarfi ba, wai a lokacin ne kifi ke cin ƙugiya. Kai ka bari sai bayan azahar, ka fesa turare.

3. Ba wa rana baya
Tsaya yadda inuwarka za ta faɗa kan ruwa, har da ta hula. Da Lauwali ya yi haka, karfasa suka watse. Wani dattijo mai fatsa a gefe ya ce, "Alhaji, ɗan matsa, kana kore mana su."
Lauwali ya ce, "Baba, ladabi ne, hanya suke ba ni."

4. Yi nazarin inuwa
In rana ta yi zafi, kifi kan lafe a ƙarƙashin duwatsu da saiwoyi. Mai neman kifi sai ya yi tunani irin na kifi. Nemi gindin bishiya ka kwanta. Lauwali ya yi wannan nazari har la'asar, da minshari.

5. Biya ta shagon Madam Christy
Nata kifin a firiza yake, inda babu haske ko kaɗan, shi ya sa ba ya gudu. Zaɓi manya, yar da ledar, shafa ɗan taɓo a bakin wando.

6. Shiga gida kana ɗingishi
Khairiyya ta karɓa da hannu biyu, ta sa wuƙa, wuƙa ta ƙi shiga. Ta buga kifin a bakin turmi, ya yi ƙara kamar itace.
"Sannu da ƙoƙari, maigida. Dam ɗin ne ya yi ƙanƙara a wannan zafin?"
"Ai daga inuwa na kamo shi, can ƙasa sosai."
Ta miƙa masa abinsa. "To gobe ka kamo mini na rana."

Gargaɗi
Duk wanda ya bi matakan nan ya kwana da gayan tuwo, tsakaninsa da iyalinsa ne. Kada a ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ni ko kifi ba na ci, ƙaya nake tsoro.