Ranar da Kiɗana Ya Kashe Janareta

Wata huɗu na yi a ɗakina a Samaru ina soka wayoyi a akwatin kiɗan lantarkin da na haɗa da hannuna, ina murɗe-murɗe har na samu sautin da nake so. Da ƙanwata Rahila ta ce in yi kiɗa a liyafar aurenta a Sabon Gari, sai na ce ta sallami mai ganga, ni kaɗai na isa.

Ranar babu wuta, da janareta ake biki. Na hau dandamali, na saki sautin buɗewa, wani siririn kuka mai hawa sama a hankali. Har lumshe ido na yi, don jama'a su san abin daga zuci yake.

Ashe sak jiniyar unguwar ce, wadda ke sanar da an kawo wuta. Kawu Bitrus, mai kula da janareta, ya tashi ya kashe shi. Komai ya ɗauke. Da na buɗe ido, rabin matan sun nufi ƙofa, za su je gida su yi guga.

Rahila ta matso cikin farar rigarta ta ce, "Yaya, waƙar ke nan, ko da saura?" Na ce somin-taɓi ne. Ta ce, "To, ya isa haka." Aka aika a ɗauko mai ganga.

Shekara uku ke nan, na gaji da bayani. Har yau, idan wuta ta daɗe ba ta zo ba, sai Kawu ya bugo mini waya: "Ɗana, taimaka ka taɓa mana akwatin nan, naman firiji zai lalace."