Jar Motata da Farar Shaddata

Har gobe ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki amarya a jar motata ba. Lokacin ina akawu a Kaduna, an yi mana ƙarin albashi, kaina ya kumbura, na sayi wata mota mai ƙofa biyu a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Gudu kam ba a magana. Sai dai ya ja mini kunne cewa tana shan baƙin mai kamar shayi, in riƙa dubawa kullum da safe. Na ce to (hankalina yana kan sitiyari).

A lokacin ina neman Hajara, 'yar Alhaji Sani na Hayin Banki, tsohon direban babbar mota, Bakatsine. Shi kuwa bai yarda da ni ba, ya ce rawar kaina ta yi yawa. Da aka tashi bikin yayar Hajara, sai na nace ni zan kai amarya Badarawa, don Alhaji ya san ba ƙaramin mutum ke neman 'yarsa ba.

Ranar na ci ado da farar shadda. Na tsaya gaban motar, na dubi bonet, na dubi hannun rigata, na ce yau ɗaya ba za ta kashe ta ba.

Bayan la'asar aka cusa amarya da gwaggonta a baya (da ƙyar gwaggo ta lanƙwashe), motocin rakiya suna biye. Na taka wuta don in bar su a baya. Jar fitilar gargaɗin mai ta kama a gabana, na cire hulata na rufe ta. Can sai ƙwas-ƙwas-ƙwas, hayaƙi ya turnuƙe, inji ya buga a tsakiyar titi. Amarya da ke kukan rabuwa da gida ta koma tari. Gwaggo kuwa har kakannina ta ambata.

Aka aika wa Alhaji, ya zo da tsohuwar a-kori-kurarsa. Ya zaro sandar awon mai a gaban jama'a, busasshiya ƙayau. Ya tambaye ni yaushe rabona da dubawa. Ƙarya ta zo mini har baki, na haɗiye ta.

"Baba, gudun ɓata riga na yi."

Sai ya goge hannunsa a kafaɗata, yatsu biyar baƙi ƙirin. "To ga shi ta ɓaci. Ran Asabar ka zo da tsumma."

Asabar bakwai muka yi muna kwance injin nan a ƙofar gidansa, yana zagina ina miƙa sifana. Ranar da ta tashi, ya ce in turo magabatana.

Motar ta daɗe da zama tarihi, amma rigar tana nan a akwatin Hajara, ta hana a wanke. Ni kuwa tun daga ranar ko keke aka ba ni aro, sai na durƙusa na duba mai.