Tseren da Na Yi da Baya

Ba zan taɓa mantawa da bikin Sani ɗan acaɓa ba, kuma na san shi ma angon bai manta ba, don har yau in ya hango ni a kan babur sai ya ja gefe.

Lokacin ban daɗe da barin hannun ogana da ya koya min gyaran babur ba. Na kama 'yar rumfa a hanyar kasuwar Ƙafin Maiyaki, na rataye tsofaffin tayoyi, na jera sifanu, na zauna jiran aiki. Aiki kuwa ya ce bai san zancen ba. 'Yan acaɓa su wuce ni fuu, su ɗaga min hannu, su kai baburansu wurin waɗanda suka saba da su. Wata rana in wuni ban taɓa komai ba sai bututun iskar taya. Har mai rumfar ya fara tambayata, cikin ladabi dai, ko zan sakar wa mai rake wurin tunda shi yana da ciniki.

To a wajenmu, in ɗan acaɓa zai yi aure bayan an kawar da amfanin gona, abokan sana'arsa kan yi masa tseren babura a fili. Kuma ba matuƙi kaɗai ake kallo ba. Duk babur ɗin da ya zo na ɗaya sai an tambayi wa ya gyara shi, washegari kuwa ƙofar wannan bakaniken ba masaka tsinke. Da na ji bikin Sani ya matso na ce wa kaina, to malam, ko ka ci tseren nan ko ka bar wa mai rake rumfa.

Abin hawana wani tsohon babur ne da na gada daga kawuna, wanda ya yi shekaru yana ɗauko kifi da shi daga Tiga (har lokacin in rana ta buga shi sai maguna su kewaye shi). Irin na da ne, wanda mu kanikawa muke kira tu-sitirok, mai shan fetur haɗe da baƙin mai, mai hayaƙi kamar ana ƙona bola. Samari suna raina irinsa, amma ni na san ba shi da nauyi, kuma in ya samu hannu yana da zafin tashi.

Hannu kuwa ya samu. Na sauke kan injin na goge shi da sanfefa a kan gilashi don matsi ya ƙaru. Na faɗaɗa ƙofar fitar hayaƙi. Na buɗe wa kafireta hanya ta riƙa shan mai son ranta. Na yanke salansa na sake yi mata walda, ta koma ƙara kamar injin niƙa ya haɗiye ƙusa. Sannan na matso da taimin gaba, wato wutar fulogi ta riƙa tashi da wuri. Da na gwada shi a hanyar Dangora, wallahi sai da iska ta sa ni hawaye.

Da na tsaya nan da an zauna lafiya. Amma safiyar biki sai zuciya ta ce min, tunda 'yar matsowar nan ta ba da wannan gudun, ina ga an ƙara? Na ƙara. Na sake dubawa na ga kamar akwai sauran wuri, na kuma ƙarawa. Ban gwada ba, don kada abokan hamayya su ji sirrina (sirrin da ake jin ƙararsa tun daga garin Ƙofa).

Da la'asar aka hallara a wata gonar masara da aka share. Shugaban 'yan acaɓa, wanda kowa ke kira Ciyaman, shi ne alƙali. Mutum ne mai tsari da tsoron haɗari. Ya yi ta zagaye yana kora jama'a.

"Kowa ya koma bayan layi! Gaba ta masu gudu ce. Wanda ya tsaya a baya, ni na ɗauki alhakinsa."

Haka aka jera kujeru a bayanmu, aka zaunar da ango cikin farar babbar riga, dattawa a gefensa. Wata Inna Bafulatana ta sauke ƙoren fura da nono a gabansu tana dama wa baƙi. Ciyaman da kansa ya ja kujera ya zauna daidai bayana, riƙe da hular da zai ɗaga.

A kusa da ni Habu ne ɗan Dangora, a kan sabon babur ko ledar kujera bai cire ba. Ya dubi nawa ya toshe hanci.

"Maigida, tsere ka zo ko feshin sauro?"

Na ce masa, "Za ka sha hayaƙin ka ƙoshi, tunda a bayana za ka ƙare."

Na buga kik, inji ya kama. Muna jira sai ya yi wani tari, kaf-kaf, kamar zai mutu, ya ɗan girgiza, sai kuma ya ci gaba da kaɗawa. Na ji muryarsa ta ɗan sauya, amma na ce zumuɗi ne. Na matse kuloci, na sa giya, na kwanta a kan tanki kamar yadda na ga ana yi.

Ciyaman ya yi ihu, "Ku tafi!" Na murɗe totur har ƙarshe na saki kuloci.

Abin da na fara gani shi ne Habu da sauran sun ɓace da wani irin gudu da ban taɓa ganin babur ya yi ba. Na ce innalillahi, me yaran nan suka zuba a tanki? Sai na ƙara murɗa totur. Sannan na lura wata bishiyar ɗorawa da ke can gabanmu ita ma tana guduna. Nan kaina ya ɗaure. Habu dai na san sabon babur gare shi, to ita ɗorawa fa? Ga iska tana bugun ƙeyata maimakon fuskata, ga cikina ya manne da tanki, ga hayaƙina da kansa ya dawo yana shigar min hanci. Duk wannan bai fi ƙiftawar ido ba, amma na samu lokacin yin tunanin ko jiri ne ya kama ni don ban ci abincin rana ba. Ko sau ɗaya ban kawo a raina cewa baya nake yi ba. Babur ai ba shi da ribas, wannan ko yaron goye ya sani.

Salatin da ya tashi a bayana ne ya fara ba ni labari, sai kuma ƙarar kujerar roba. Na ji na hau wani abu mai taushi (Ciyaman ne), babur ya kwanta, ni kuma na zauna daram cikin ƙwaryar nono. Inji bai mutu ba. Tayar baya ta samu ƙwaryar fura ta yi ta juyawa a ciki tana rabo, kuma Allah ya sa ango ne ya fi kowa samun kaso. Dattawa kuwa, mutanen da sai an kama su suke miƙewa, na ga wani ya tsallake kunya uku bai taɓa ƙasa da sandarsa ba.

Wani ya zare wayar fulogi, inji ya mutu. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo sai kujera. Ciyaman ya tashi zaune, nono na bin gemunsa, ya dube ni ya dubi filin da babu kowa.

"Kai, ina za ka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, can." Na nuna gaba.

"To me ya kawo ka nan?"

"Wallahi nima abin da nake son a gaya min ke nan."

Inna ba ta yi zagi ba. Ta ɗaga fasasshiyar ƙwaryarta ta faɗi wata magana da Fillanci, waɗanda suka ji suka kwashe da dariya, kuma har yau an ƙi fassara min. Kunya ta sa na ji da ma ƙasa ta tsage. Habu ya ci tsere, ya dawo ya tarar babu mai kallonsa, duk an kewaye ni. Na tura babur gida da ƙafa, wandona na ɗigar nono, yara na bina suna "Mai Ribas! Mai Ribas!"

Sai daga baya na gane abin da ya faru. Irin wannan injin bai damu da ta ina yake juyawa ba. Na sa wuta tana tashi da wuri fiye da kima, da ya yi tarin nan sai ta bugi fistin kafin ya kai sama, ta mayar da shi inda ya fito, inji ya ci gaba da aikinsa a juye. Amma a makon nan ban san haka ba. Na kwance shi na ɗaura, na buga kik ya fi a ƙirga, kullum gaba yake yi kamar mutumin kirki.

Ranar kasuwa ina zaune na rafka tagumi, 'yan acaɓa na wucewa suna min fito, sai ga wani dattijo ya tsaya da tsohon babur irin nawa. Muka gaisa, ya ce daga Doguwa yake, buhunan masara yake dako.

"Ɗan nan, kai ne mai sa wa babur ribas? Lungun gidana ƙunci gare shi, kullum sai na sauke kaya nake juyawa. Ka sa min irin naka."

Mutum na farko ke nan da ya taɓa nemana da suna, kuma daga wata ƙaramar hukuma. Na ji kamar in yi kuka.

Na ce, "Baba, wallahi ban san yadda na yi ba."

Ya yi murmushi irin na manya. "Na sani, kowace sana'a da sirrinta. Faɗi abin da za a ba ka."

Na rantse, na sake rantsewa. Fuskarsa ta sauya. Ya hau babur ɗinsa yana girgiza kai.

"Yaro ƙarami da kai, har ka iya rowar ilimi. Allah ya shirya."

Ya tafi ya baza ni a Doguwa da Tudun Wada. Kafin wata ya ƙare na zama abu biyu a ƙasar nan: wurin samari sakaran da bai san gaba ba, wurin dattawa gwanin da ya ƙi taimakon jama'a. Ba ɗaya daga ciki da ya kawo min aiki, na kwashe sifanuna na koma wurin oga na ƙara shekara.

Yanzu ina da garejina, kuma samari na kawo min babura in ƙara musu gudu. Ina yi, daidai gwargwado. Amma kafin kowa ya saki kuloci a gabana, sai na fara leƙawa na ga waye a bayansa.