Shekarar da Jaki Ya Ci Kambun Waƙa

A Dajin Marke, duk shekara in kaka ta yi, Sarki Zaki kan tara dabbobi a gindin kuka a raba kambuna huɗu: na aikin jarida, na rubutu, na wasan kwaikwayo da na waƙa. Kowane kambu da rumbun geronsa. Dila ne shugaban alƙalai tun ba a haifi rabin masu takarar ba.

A bana ukun farko ba su ba da wahala ba. Aku ya ɗauki na jarida, don bai taɓa ƙara ko rage kalma a maganar fada ba. Na rubutu aka ba Gara, wadda ta fi kowa cin littattafai. Hawainiya ta lashe na wasan kwaikwayo, kamar yadda ta saba a zamanin kowane sarki.

Na waƙa kuwa, kowa ya san na Kanari ne, har ta fara gyara gashinta. Sai Dila ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, Kanari ta iya waƙa, ba mu musa ba. Amma tsuntsaye sun daɗe suna cin kambun nan, masu kofato ko sau ɗaya. Adalci shi ne a zagaya. Ga Jaki nan, duk hatsin fada a bayansa ya shigo."

Kanari ta ce, "Allah ya ba ka nasara, to a ba shi kambun dako mana."

Jaki ma ya ɗago kai a tsorace. "Ni fa ban shiga takara ba. Ruwan sha na kawo wa manyan baƙi."

"Kun ji tawali'u!" in ji Dila. "Haka gwanaye suke."

Aka rataya masa kambu, aka ce ya ɗan taɓa wa Sarki. Jaki ya ja numfashi ya saki murya, har 'ya'yan kuka suka zubo. Kowa ya shiga satar kallon Zaki. Zaki ya runtse ido don azaba. Dila ya yi wuf ya ce, "Waƙa ta ratsa mai martaba!" Tafi ya kaure.

Kanari ta kwashe 'ya'yanta ta ƙaura hayin kogi, ba wanda ya raka ta.

Kafin damina ta faɗi, duk bishiyar da ka bi ta ƙarƙashinta da safe, za ka ji ƙananan tsuntsaye suna koyon kukan jaki, iyayensu na cewa, "Buɗe maƙogwaro sosai, ɗan nan! Gero ake nema."