Butar Injiniya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je wayar wa manoman albasa kai ba, na dawo ni ne abin wayarwa.

Lokacin Boɗinga ta fara cika, kwatoci suna malala kan hanya, aka yanke shawarar haƙa manyan tafkunan tace ruwan ƙazanta a bayan gari, ta wajen Dingyaɗi. Matsalar ita ce masu gonakin wurin sun ce ba za a kawo musu wari kan albasarsu ba. Maigidana a ofis ya tura ni in lallashe su, ya kuma gaya mini in ban samo amincewarsu ba, wani zai ba aikin. Wata uku ke nan da kama aikina, amma jina nake kamar ni na ƙirƙiro ruwa.

Na shirya dabara: zan nuna musu ruwan kwata ɗanye, sannan in nuna tatacce, su ga bambanci da idonsu. Tataccen yana cikin kwalba mai kyau. Ɗanyen kuwa kwalbarsa ta fashe a hanya, sai na tsaya na sake ɗiba a wata kwata, na zuba a butar da ke bayan mota. (Eh, buta. Da digirina.)

A ƙofar masallaci aka shimfiɗa mana tabarmi. Na ajiye butar gefe, na gyara sabuwar farar shaddata, na shiga zuba bayani. Har cewa na yi rashin ilimi ne ke sa mutum tsoron ruwa. Wani dattijo ya fara maganar nisan tafkunan da gonaki, na katse shi na ci gaba, na ɗauka ƙwarewata ta ɗaure su.

Ana cikin haka aka kira sallar azahar. Abin da na manta, duk da a ƙauye aka haife ni, shi ne butar da aka ajiye a ƙofar masallaci ba ta da mai ita. Ina waigawa na ga Liman, tsoho mai farin gemu, ya tsuguna ya naɗe hannun riga, ya karkata butata zai wanke hannu.

Ban san lokacin da na yi tsalle ba. Na tsallake mutum biyu, na fizge butar daga hannun Liman a gaban jama'arsa, murfin ya fice, ruwan ya juye mini tun daga ƙirji har takalmi. Warin ya yi bayanin da na kasa yi cikin awa guda. Wallahi na so ƙasa ta buɗe.

Liman ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Injiniya, wanga shi na ruwan da kac ce ba mu da ilimin zama da shi? To mun gani. Tai ka yi wanka, sahu ba shi ɗaukar ka haka."

Bayan sati biyu suka amince, amma da sharaɗin a matsar da tafkunan nesa da gonaki, abin da suka nema tun farko na ƙi saurara. Aikina ya tsira, sunana ne bai tsira ba: har yau a kasuwar Boɗinga Injiniya Mai Buta ake kirana.

Yanzu duk inda na je taro, nakan bari dattawa su gama magana tukuna. Butata kuma a mota take kwana, ko da ruwan zamzam ne a ciki.